Tukunyar da Ta Ji Faɗa

Kilo huɗu ne cif, da kaina na auna ranar da ƙanwata Leocadia ta kawo mini. Na ƙulle su cikin leda uku, na tura can ƙuryar firiza bayan cinyoyin kaji, sannan na tara duk mai numfashi a gidan nan na ce wanda ya kuskura ya taɓa ledar nan zai yaba wa aya zaƙinta. Jar masara ce, irin ta gonarmu ta kan tudu can ƙasarmu, a Oaxaca, wadda Amá, wato mahaifiyata Gumersinda, ta shuka da hannunta a daminarta ta ƙarshe. Daga ita babu wata. Gonar ta koma hannun ɗan kawunmu, wani sakarai da ya zuba mata irin kanti, fari fat, in kana ci kamar kana tauna kwali.

Shekara ashirin da uku ke nan ina garin Madera a ƙasar da ba tawa ba, rani in tsinki inabi, sanyi in datse rassansa, kuma har yau ba ni da takardar izinin zama. Marar takarda kuwa in ya fita ƙasar nan, ƙofa ta rufe a bayansa ke nan. Saboda haka ban ga Amá da rai ba tun ranar da na bar ta tsaye a tashar mota, ban kuma ga gawarta ba. Wata Talata ce a watan Janairu, ina tsakiyar gona da almakashi a hannu, yatsuna sun ƙage don sanyi, Leocadia ta kira ni ta ce Amá ta kwanta barci ba ta tashi ba. Zuciya ce, in ji ta, farat ɗaya, ko ciwon kai ba ta yi ba. Ita Leocadia ɗan ƙasa ta aura, tana da takardarta, jirgi take hawa kamar mai shiga motar kasuwa. Ita ta binne ta, ita ta dawo mini da masarar. Ni kuma na rantse ba za a taɓa ƙwaya ɗaya ba sai ranar cikar shekara, ranar da za a yi wa Amá addu'a in dafa mata tamal irin nata, ƙullun masarar nan da ake naɗewa a ɓawonta a turara kamar alala.

Ana gobe addu'ar na fito da ledar. Na tafasa masarar da farar ƙasa, na bar ta ta kwana cikin ruwanta. Da asuba na wanke, na murje ɓawon da tafin hannu, na markaɗa sau biyu da injin hannu, don ba zan kai masarar uwata injin kanti a gauraya mini da ragowar ta wasu ba. Ƙamshin da ya tashi a kicin ɗin nan, Allah ya sani, sai da na dafa bango. Na buga kitsen alade da hannu har kafaɗata ta yi tsami, na haɗa da ƙullun, na ci gaba da bugu. Na ɗan gutsura na jefa cikin kofin ruwa, ya nutse. Na sake bugu. A karo na uku ya taso ya tsaya a saman ruwan, alamar ya bugu, na ce yawwa, Amá, kin gani ko.

Ƙarfe takwas mata suka fara shigowa. Doña Eduviges ce ta farko, tsohuwar garinmu mai shekara tamanin da ɗoriya, wadda ke jan addu'ar carbi a duk gidan da aka yi rashi daga nan har Fresno. Sai comadre Nicolasa, haka muke kiran juna don ita ta riƙe mini 'yata Noemí ranar baftisma, mace mai kirki amma bakinta ba shi da linzami. Noemí kanta ta ɗauki hutu daga asibitin da take aiki. A nan aka haife ta, ta iya karanta takardar likita da Turanci kamar ruwa, amma ka ba ta ɓawon masara ta shafa ƙullu, sai ta labta shi kamar mai yaɓen bango.

Leocadia ce ta ƙarshe, da ƙamshin turarenta da faratanta na roba, rungume da wata jaka. Ta ajiye a kan tebur, na leƙa. Garin masara ne na kanti, irin wanda ake zuba wa ruwa a kwaɓa cikin minti biyar.

"Wannan fa?"

"Ko da za a buƙata ne, Yaya. In naki bai isa ba."

"In nawa bai isa ba a ci iska. Ɗauke mini shi daga kan teburin nan kafin in ɗauke ki tare da shi."

Ta mayar da shi bayan ƙofa tana murmushin nan nata na masu haƙuri da mahaukata. Doña Eduviges ta ɗaga mini yatsa.

"Crescencia, yau ba ranar harshenki ba ce. Tukunya na ji."

Ta yagi ɓawon masara siriri guda biyu ta ɗaure a hannuwan babbar tukunyar, dama da hagu, ta toshe mata kunnuwa ke nan don kada ta ji faɗa. Kowa a garinmu ya san wannan: tamal ba ya nuna a gidan da ake fushi. Ko ka kwana kana hura masa wuta, haka zai fito rabi dafaffe rabi ɗanye, ya manne wa ɓawonsa. Noemí ta taɓa ce mini wai zafin wuta ne kawai da yawan ruwa. Na ce mata ranar da ta dafa tukunya ɗari ta zo mu yi magana.

Muka zauna muka kama aiki. Nicolasa da Noemí na shafa ƙullu a ɓawo, Leocadia na zuba miyar barkono da tsokar kaza, ni ina naɗewa ina ɗaurewa. Har hira ta yi daɗi, ana ta tuna Amá, yadda take korar kaji da takalminta, yadda take zagin limamin cocinmu a bayan idonsa ta kuma kai masa ƙwai. Mun yi kusan guda saba'in, saura kaɗan a gama, Nicolasa ta ɗaga ƙullun ta shinshina ta girgiza kai.

"Kai, Allah ya ji ƙan Doña Gumersinda. Mace kamar namiji! A ce mutum ciwo ya cinye shi tun watan Agusta, ya koma ƙashi da fata, amma ya ce sai an kai shi gona ya karya masararsa da kansa? Hoton nan da Leocadia ke riƙe da ita a bakin gona, ni kam da na gani kuka na yi ta yi."

Cokalin Leocadia ya tsaya a sama miya na ɗiga a kan tebur.

"Wane ciwo, comadre?" na ce.

Nicolasa ta dube ni, ta dubi Leocadia, ta yi wuƙi-wuƙi. "Au, ni fa... ai na ɗauka tunda shekara ta cika an riga an..."

"Wane hoto? A watan Disamba ake karya masara. A watan Disamba Leocadia tana Texas wurin dangin mijinta. Ko ba haka kika ce mini ba, Leocadia?"

Ta ajiye cokalin a hankali ta goge yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

Ashe haka ne. Ashe wata biyar uwata ta yi tana jinyar ciwon daji a ciki. Ashe duk Lahadin da na kira ta ta ce mini hoto ba ya fita saboda hadari ya taso a kan tudu, mu yi magana da murya kawai, ba hadari ba ne, fuskarta ce ba ta so in gani. Ashe sau uku Leocadia ta je ta dawo, ni ina nan ina tambayarta ya zafin Texas. Na juya ga Doña Eduviges, tsohuwar ta sunkuyar da kai tana wasa da carbinta. Ita ma ta sani. Har addu'ar neman sauƙi suka yi wa Amá a gidan Doña Eduviges ɗin, matan garinmu goma sha biyu, ranar da aka ce mini tsohuwar mura take yi kada in je in ɗauka.

"To duk garin nan wa ya rage bai sani ba? Kare?"

"Yaya, ki saurare ni."

"Ba da ke nake ba tukuna." Na dubi 'yata. Ba ta ɗago ba, hawaye na sauka a kan ɓawon da ke hannunta. "Noemí. Dube ni."

"Mama, takardun likitan ne Inna Leocadia ta turo mini in duba mata. Kaka ce ta sa na rantse."

Ni na haife ta, a ɗaki ɗaya muke kwana tun da ubanta ya mutu, shekara guda da wata biyar tana cin abincina tana ce mini sai da safe, da wannan a cikinta. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to ni ban taɓa sanin na 'yata rijiya ba ne.

Ban san sanda na miƙe ba, kujera ta kife a bayana. Na faɗi maganganu, ba zan ɓoye ba. Na ce wa Leocadia munafuka, na ce wa Nicolasa gara ita, ko ba komai wautarta ta yi rana. Na ce wa Doña Eduviges, tsohuwar da ta girmi uwata, ta ji kunyar furfurarta. Ita kuwa ko gezau, ta bari sai da numfashina ya ƙare sannan ta yi magana.

"Kin gama? To ji nan. Ƙarfe huɗu mutane za su cika gidan nan. Ƙullun nan ba zai jira ki huce ba, in ya wuce azahar a waje tsami zai yi. Hannun da ya buga shi kuma shi zai jera shi a tukunya, kin sani, ba mai karɓar miki. Ki sha ruwa, ki wanke fuska, ki ajiye abin da ke ranki a bakin ƙofa na awa biyu. In an sauke ki koma ki ɗauki abinki."

"Riga ce da zan tuɓe in rataye?"

"Masarar uwarki ce. Ke kika sani."

Na sha ruwan. Na wanke fuskar har sau biyu. Na tsaya a gaban madubin banɗaki ina cewa Crescencia, don Allah, awa biyu kacal. Na dawo na jefa kwandala a gindin tukunya yadda za ta riƙa ƙara muddin akwai ruwa, na shimfiɗa ɓawo, na fara jerawa a tsaye ɗaya bayan ɗaya. Na yi alamar gicciye a kansu, na rufe da tsumma, na ɗora marfi, na kunna wuta. A baki addu'a nake, a zuci kuwa zagi ne tsantsa.

Wata dokar kuma ita ce wadda ta ɗora tukunya ba ta barin gidan sai an sauke. Da ba don haka ba da na fita na yi ta tafiya har inda ƙafata ta gaji. Sai ga ni a kulle a kicin ɗaya da mutum huɗun da ba na son gani a duniya, ba abin da ake ji sai kwandalar tana ƙar-ƙar-ƙar a cikin ruwa.

Leocadia ce ta kasa haƙuri. Ta matso da kujerarta, murya ƙasa-ƙasa saboda tukunya.

"Yaya, da an gaya miki me za ki yi?"

"Da na tafi a daren."

"To kin gani. Abin da Amá ta faɗa ke nan. Ta ce Crescencia ba ta da kai, zuciya ce da ita, za ta bar 'yarta ta taho. Ta zo ta binne ni, sannan ta rasa hanyar komawa, ko ta bi hamada a shekarunta ta mutu a can. Ta ce ba zan ci 'yata in tafi da ita ba. Ta kama hannuna ta ce in na faɗa miki ba ta yafe mini ba. Ke ce ni, ya za ki yi?"

"Ba ni ce ke ba. Ke kin riƙe hannun."

"Kin ɗauka daɗi na ji? Ni na riƙa wanke ta, ni na riƙa kwashe amai, ni kaɗai. In fito waje in kira ki ina dariya ina ba ki labarin Texas. Kin san abin da na gani?"

"Ban sani ba! Abin da nake faɗa ke nan, ban sani ba! Ko aman ne ai da rabona a ciki. Kun zauna, ke da ita da tsohuwar nan da yarinyar da na goya, kun yanke mini hukunci kamar wata akuya da za a sauya wa turke. Wataƙila in na je ba zan dawo ba. Wataƙila in zauna a nan in yi ta kuka ban je ba. Oho! Amma ni zan zaɓa. Ko a waya ne da na ce mata ta yafe mini. Lahadin ƙarshe da muka yi magana, kin san a kan me muka rabu? A kan kuɗin taki nake mata faɗa. Taki, Leocadia! Na ce mata zan kira ta wani satin, ina sauri."

"Crescencia, tukunya," in ji Doña Eduviges.

"Tukunyar ta ji! Ita kaɗai ce a gidan nan ba ta yi mini ƙarya ba."

Awa ɗaya da rabi ta cika na ɗaga marfi. Tururi ya bugi fuskata, na zaro ɗaya daga tsakiya na bar shi ya ɗan sha iska, na buɗe. Dafaffen tamal da kansa yake sakin ɓawo, sumul. Wannan kuwa ya kama ɓawon gam, gefe ɗaya ya yi tauri, ɗaya gefen caɓal kamar kunu. Na ƙara tafasasshen ruwa, na rufe, na ƙara wuta. Bayan wata awar na sake zaro uku daga wuri daban-daban. Duk kanwar ja ce.

Nan fa tsoro ya kama ni na gaske, har ya so ya fi fushin. Shekara guda ina buɗe firiza ina kallon ledar nan ina rufewa, ina cewa akwai ranar da zan sa abin da hannun Amá ya taɓa a bakina. Ga shi yana lalacewa a gabana ina kallo.

Doña Eduviges ta dogara sandarta ta tashi, ta zaro babbar muciyar katako daga cikin kwando.

"Saura magani ɗaya, kin kuma san shi. Mai fushi ta juya baya, kowace mace a kicin ta ɗaɗa mata sau uku a mazaunai, sannan ta zagaya tukunya da rawa har sai ta yi dariya. Dariyar gaske. Uwarki ta yi wa gwaggonki Apolonia haka a gabana ranar bikin Nicolasa, tamal ɗari uku suka nuna."

Na tuna ranar. Ina 'yar shekara goma sha huɗu, gwaggo na ihu tana tsalle, Amá na bin ta da muciya, mata na faɗuwa ƙasa don dariya.

"Wato ku cuce ni, sannan ku dake ni, sannan in yi muku rawa."

"Ba mu za ki yi wa ba."

"Comadre, don girman Allah," in ji Nicolasa, "ni ce na jawo, bari in fara." Ta tattare siket, ta hau juyi a gaban murhu da wannan jikin nata, tana tafi tana waƙar da ba kai ba gindi, hawaye shaɓe-shaɓe, mazaunanta na ture kwanuka. A wata ranar da sai cikina ya yi ciwo.

"Zauna, Nicolasa, ba ke tukunya ke jira ba," in ji tsohuwar.

Na gwada, kada wani ya ce ban gwada ba. Na je gaban tukunyar na juya musu baya, na dafa gwiwoyina. Doña Eduviges ta ɗan taɓa ni sau uku, Nicolasa ta yi nata tana ba ni haƙuri a kowane bugu. Aka miƙa wa Noemí muciyar ta kasa ɗagawa, sai da na daka mata tsawa. Sannan aka miƙa wa Leocadia. Ina sunkuye ina kallon takalmanta suna matsowa, farare, masu tsini. Sai kawai na ji a raina cewa ƙafafun nan sun taka gonar tudu a watan Disamba, sun tsaya kusa da ƙafafun Amá. Na miƙe tsaye kafin ta ɗaga hannu.

"Taɓa ni ki gani."

Na ɗaga ƙafa ɗaya da niyyar rawar duk da haka, ta ƙi. Na nemi dariyar ko ta ƙarya ce, babu ita, ko ƙyallinta. Ina son tamal ɗin nan fiye da komai a ranar, amma fushin ya fi ƙarfina, kuma gaskiya ban ga dalilin da zai sa ni ce zan sauke ba.

Ƙarfe uku da kwata. Leocadia ta dubi agogo, ta je bayan ƙofa ta ɗauko jakarta ta rungume.

"Yaya, ji mana. Akwai sauran miya da kaza, akwai ɓawo. Mu biyar ne, cikin minti ashirin mun naɗe, kafin a gama addu'a sun nuna. In na ɗan zuba jan barkono a garin zai yi kalar na Amá. A ajiye waɗannan a ɗaki. Ba wanda zai sani."

Ba wanda zai sani. Tirƙashi! Na dube ta sama da ƙasa.

"Ai kuwa nan kika fi ƙwarewa."

Na fizge jakar, na buɗe ƙofar baya, na farke ta a kan kwandon shara na zazzage har ƙasa. Garin ya tashi ya bule mini baƙar rigata, ban ko kakkaɓe ba. Na dawo na kashe wuta.

Mutane suka zo, sun fi talatin, falo ya cika har baranda. Matan garinmu goma sha biyun nan duk suna ciki, kowace ta rungume ni ta ce Allah ya ƙara haƙuri, ni kuma ina kallon idon kowace har sai ta kawar. Doña Eduviges ta durƙusa gaban teburin da muka ɗora hoton Amá da kyandirori da furanni, ta ja carbi muna amsawa. Muryata ta fi ta kowa fita, don ba na son a ce ban yi wa uwata addu'a ba.

Aka shafa, aka zazzauna, maza suka fara leƙen kicin. Na ce wa Noemí ta kawo faranti. Da kaina na raba, bibbiyu, na bi kowa har inda yake zaune na danƙa masa a hannu. Na ga sanda mijin Nicolasa ya buɗe nasa, ya ga ƙullu na bin yatsunsa, ya buɗe baki zai yi magana matarsa ta taka masa ƙafa. Matan kuwa da suka buɗe nasu ba wadda ta tambaya. Sun san abin da ke hana tamal nuna, sun kuma san a kan me.

"Jama'a, ku ci," na ce. "Masarar Doña Gumersinda ce, wadda ta karya da kanta a watan Disamba tana ƙashi da fata. Wasunku sun ga hoton, ni ban gani ba."

Ba ka jin komai sai ƙarar cokula suna kankare ɓawo.

"Ba a ci kafin mamaciya, Crescencia," in ji Doña Eduviges a hankali. "Ki sa mata nata."

Na koma kicin na laluba gindin tukunyar na zaɓo wanda ya fi kowanne caɓewa. Na buɗe shi a farantin tangaran, na kai gaban hoton na ajiye tsakanin kyandirori. Tana kallona da ɗan kunnenta na zinariya da wannan bakin nata a tsuke, kamar kullum in ta riga ta yanke magana.

"Ga naki, Amá. Ke kika shuka, ke kika ce a ɓoye mini. Haka ya fito."

Na ja kujera na zauna kusa da ita na buɗe nawa. Ɗanyen ƙullu ya manne mini a dasashi, ga gafin farar ƙasa, ga kitse bai narke ba. Amma can ƙarƙashin wannan duka akwai ɗanɗanon masarar tudu, ɗan kaɗan, daidai yadda zan san abin da na rasa. Na ci ina kuka, ban share ba, ban kuma daina jin haushi ba. Leocadia na tsaye jikin bango tana tura nata da ƙyar tana haɗiyewa da ruwa.

Ta gefen ido na hango Noemí ta ci rabi, tana lallaɓa sauran cikin takardar goge hannu za ta naɗe.

"Noemí."

Ta ɗago da jajayen idanu.

"Buɗe ki cinye. Ba za a sake yin wani ba."